Ɗan Akwatin Tasi'u

Tasi'u ne ya bar mini shi ranar da zai tafi Fatakwal,
ɗan akwati, bai cika tafin hannu biyu ba,
da tsaguwa a gilashin kamar bille a kunci.
Ya ce, "Yaya Hansatu, zai rage miki dare."
Na ce ni da allurai da masu naƙuda, wane dare?

Ga shi yau wata huɗu.
A ɗan asibitinmu na Ƙofar Marusa,
in biyun dare ta gota,
ruwan da na ɗaura wa gado na uku yana ɗiga a hankali,
sai in zaro shi daga aljihun farar riga,
in rage sauti don kada tsohuwar nan ta farka.

Ina son kiɗan garin farko,
mai kama da gurmi ana kaɗa shi a bayan katanga.
Ina son taswirar da ke buɗewa kaɗan-kaɗan
kamar ana warware sabuwar atamfa.
Na sa wa jarumin suna Lawandi.
Da sanda ya fara, ɓera ma kan kayar da shi,
yanzu takobinsa ya fi shi tsawo.
Ni na raine shi.

Amma ba shi da tarbiyya.
Gidan mutane zai faɗa ba sallama,
ya fasa tulu, ya kwashe kuɗin ciki,
maigidan yana tsaye yana ce masa,
"Yau gari ya yi kyau."
Ka koma gobe, gari ya yi kyau.
Dodo ya ƙone rabin unguwa,
gari ya yi kyau.

Taku uku, faɗa.
Taku biyu, faɗa.
Ko bayan Asuba a tashar Batsari
ba a tare mutum haka.
Wani tsoho ya aike ni neman akuyarsa
alhali duniya na shirin tashi.
Na riga na karɓi ladan kuturu,
kwana biyu ina aski.

Sai mai maganin tawagar.
Wannan yarinya da a hannuna take koyon aiki
da tuni na kore ta.
Wanda ya yi ƙwarzane take yi wa magani,
mai shure-shuren mutuwa na gefenta.
Ni ma ba kanwar lasa ba ce:
kwalba arba'in da ɗaya na tara ta babban magani,
ban taɓa buɗe ko ɗaya ba,
wai sai ranar wuya.
Mun mutu sau tara da su a jaka.

Daren Talata na kai ga mai gadin gada.
Minti hamsin muna yi,
babban yatsana ya ƙage,
saura masa numfashi ɗaya,
sai jar fitilar batir ta ƙifta,
ta ƙifta,
Nepa kuwa tun Magariba.
Baƙi ƙirin.
Wurin adanawa yana can baya, nisan awa biyu.
Na ga fuskata a gilashin,
mace mai 'ya'ya uku tana harara.

Na ce na bari.
Na auna wa gado na uku zafin jiki,
na canja ruwa, na cika takarda.
Da Gambo ya tada janareta
hannuna ne ya kai caja, ba ni ba.

Gurbin adanawa biyu ne kawai.
Na sama nawa.
Na ƙasa an rubuta TASIU, mataki na talatin da shida,
yana tsaye a bakin wannan gadar tun bara.
Kullum na'urar sai ta tambaye ni
ko in goge shi.
Kullum sai in duba sau biyu
kafin in danna a'a.